Bit na zamewa a injin CNC: hannu za ka gyara, ko kolet za ka sauya, ko sifindil za ka saya?

A injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, bit shi ne ƙarfen da ke juyi yana yanka, kuma alamar zamewarsa kusan ɗaya ce a wurin kowa. Ka ɗora allon MDF, na garin katako da aka matse, mai kaurin milimita 18, ka ba inji aikin sassaƙa rubutu mai zurfin milimita 3. Haruffan farko sun fito tsaf. Kafin a kai ƙarshen layi zurfin ya kai 5, gindin ramin ya yi hawa-hawa, wani lokaci ma bit ɗin ya huda allon ya shiga cin katakon shimfiɗa da ke ƙasa. Ka kashe inji ka leƙa, sai ka ga bit ya zazzago daga kolet, wato ɗan marikin ƙarfe mai tsagogi da ke riƙe shi, fiye da inda ka ɗaure shi.

Daga nan shawara take yin yawa. Wani ya ce ƙara ɗaurewa kawai. Wani ya ce kolet ɗin da ke zuwa da rauta, wato injin hannun kafinta da ake ɗaurawa a CNC ya juya bit, ba na wannan aikin ba ne, nemi na musamman. Na uku ya ce duk ɓata lokaci ne, cire rautar gaba ɗaya ka sa sifindil, motar da aka ƙera musamman don juya bit a CNC. Shawarar farko kyauta ce, ta ƙarshe kuwa sai an ƙirga ɗaruruwan daloli, kuma kowacce tana da wurin da take da gaskiya.

Kafin ka kashe ko kwabo

Ba duk zurfin da ya canza ne laifin kolet ba, kuma wanda bai tantance wannan ba zai iya sayen kaya mai tsada matsalarsa na nan daram. Ɗauki maka mai siririn baki. Ja layi a ƙotar bit daidai inda ta fito daga kolet. Ja wani a jikin rauta daidai bakin maɗaurin da ke riƙe da ita. Idan kana da baniya, wato ma'aunin kauri mai baki biyu, auna tsawon abin da ya fito na bit ka rubuta a takarda. Sannan ka sake aikin a kan guntun katako.

Idan layin ƙota ya sauko, bit ne ke zamewa, sauran bayanin nan naka ne. Idan layin jikin rauta ne ya motsa, maɗaurin ne bai kama ba. Idan kuwa duka biyun suna inda ka bar su amma zurfi ya ƙaru, je ka duba hanyar hawa da sauka, wato Z: ƙaramin sukurun da ke riƙe mahaɗin mota da sandar tiredi yakan kwance, bel yakan yi sako-sako, ko kuma motar ta riƙa tsallake taku. Tsallaken nan ya fi faruwa lokacin ɗagawa, don a nan ne motar ke fama da nauyi. Sai inji ya ɗauka ya hau milimita 10 alhali 8 ya hau, saukowa ta gaba ya nutse da ƙarin 2. Riƙe wannan a zuciya, za mu koma kansa idan an zo batun nauyin sifindil. Akwai kuma allo marar kauri da bit ke tsotsowa sama saboda ba a danne tsakiyarsa ba.

Masu ƙaramin injin nan 3018 suna da ƙarin wuri guda. Marikin kolet ɗinsu, nau'in da ake kira ER11, a kan sandar mota 775 yake zaune, kuma a wasu ƙananan sukurori ne kawai ke riƙe shi. Yana iya zamewa shi kansa, da bit da kolet da komai.

Wajen da zurfin ya nufa shi ma shaida ne. Bit mai murɗen da ke jan gari sama yana jan kansa ƙasa, cikin katako, don haka zamewarsa ƙara zurfi take yi. Mai danna gari ƙasa kuwa turo kansa yake yi sama cikin kolet, zurfi ya ragu. Idan da mai dannawa kake aiki amma rami na ƙara nutsewa, da wuya a ce kolet ne.

Abin da za a auna kowane zaɓi da shi

Kolet ba shi da haƙori, ba shi da sakata. Noti ne ke tura shi cikin rami mai tsukewa, tsagogin jikinsa su rufe, ya rungume ƙota. Gogayya kaɗai ke riƙe da bit, ga shi kuma ƙotar kabaid, ƙarfen da ake yin bit da shi, sumul take, ga tauri, babu abin da ke iya nutsa a jikinta. Saboda haka ma'aunin farko shi ne ƙarfin riƙo, kuma abu uku ke kawo shi: yawan jikin kolet da ke taɓa ƙota, tsabtar wurin, da ƙarfin ɗauri.

Sai kuɗi. Farashin da zan ambata na dala ne, kuma kimantawa ce ta kasuwannin intanet kafin jigila da kwastan. Sai ƙarko. Sai sauƙi, wato ko za ka gama da yammacin yau ko sai ka nemi mai gyaran wuta. Sai haɗari, ga kayan aiki da kuma ga jikinka, domin bit ɗin da ya kuɓuce yana juyi sau 20,000 a minti ba abin wasa ba ne. Na ƙara da ma'auni na shida wanda ake yawan mantawa: kaurin ƙota iri nawa zaɓin zai karɓa. Wanda ke sayen bit duk inda ya samu, yau na Sin gobe na Amurka, wannan ma'aunin ya shafe shi fiye da kowa.

Zaɓi na ɗaya: gyara awo, tsabta da ɗauri

Nan ne mafi yawan matsalolin suke ƙarewa, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Fara da awo. Kwatar inci milimita 6.35 ce, ba 6 ba. Kashi ɗaya cikin takwas na inci 3.175 ne, ba 3 ba. Rabin inci 12.7 ne, ba 12 ba. Da ido ba za ka bambanta ƙota mai 6 da mai 6.35 ba, kuma mai shago sau da yawa a kwali ɗaya yake zuba su. Amma kolet ɗin ƙaramar rauta, irin na Makita ko DeWalt, girma ɗaya tak aka yi shi ya kama. Ka sa ƙota mai 6 a kolet na kwatar inci, noti zai ɗauru, za ka ji kamar ya kama, ka ja bit da hannu ya ƙi fitowa. A gaskiya bakin kolet ne kaɗai ya tsuke ya taɓa ƙotar a ɗan siririn zobe. Da inji ya shiga katako sai ya fara zazzagowa. Akasin haka ya fi muni: cusa 6.35 a kolet mai 6 yana buɗe shi ya lanƙwasa, kuma ba ya komawa daidai.

Kada ka dogara da abin da aka rubuta a leda. Auna ƙota da baniya. Ita kanta rautar ka bincika wane kolet ta zo da shi, domin Makita RT0701C ta kasuwar Amurka da kwatar inci take zuwa, 'yar'uwarta RT0700C kuwa a wasu ƙasashe da 6 da 8 ake sayar da ita.

Sai tsabta. Sabon kolet da sabon bit da ɗan man hana tsatsa suke zuwa, kuma wannan man shi ne abokin gaban riƙo. Goge ƙota da cikin kolet da sifirit har sai tsumma ya fito fari. Tsohon kolet kuma, ɗaga shi ga haske ka dubi tsagoginsa. Garin MDF yakan cakuɗu da ƙaron katako ya daskare a ciki ya zama kamar siminti, kuma tsagar da ta cika ba za ta rufe ba ko da wane ƙato ne ya ɗaure notin. Tsohon burushin haƙori da tsinke sun isa. Sa ɗan yatsa da tsumma cikin ramin sandar rauta ma, bayan ka zare fulogi. A lokacin hunturu, da ƙura ke shiga ko'ina, kolet ɗin da aka bari a buɗe a kan teburi ya cancanci goga kafin a sa shi. Ɗigon mai ƙanƙani a tiredin noti ba laifi, yana sa ƙarfin hannunka ya tafi ga matsewa maimakon faɗa da tiredi. Amma cikin kolet da jikin ƙota a bushe ake son su.

Sai zaman bit. Ƙota ta cika tsawon kolet, ko aƙalla kashi uku cikin huɗu. Kada kolet ya hau kan murɗen kaifi, don a nan babu jiki cikakke da zai kama. Kada kuma ka tura bit har ya dunguri ƙarshen rami. Noti yana jan kolet ciki yayin ɗauri, kolet yana tafiya da bit, idan bit ya riga ya tokare sai noti ya yi tauri tun kolet bai gama rufewa ba. Tura shi ya taɓa, ka jawo shi baya milimita 2 ko 3, sannan ka ɗaure.

Na ƙarshe shi ne ɗaurin kansa. Maɓallin da ake dannawa a kulle sandar rauta ɗan ƙaramin fil ne a cikin jikin alminiyam. Wanda ke ɗaurewa da shi ko dai ya ji tsoron karya shi ya ɗaure sama-sama, ko ya yi ta maza ya karya shi. Makita tana da gefe biyu shafaffu a sandarta don sifana mai lamba 13, notin kuma 22. Yi amfani da su biyun, ka jera su kusa da juna ka matse su da tafin hannu ɗaya. Ba a sa bututu a ƙara wa sifana tsawo, ba a kuma bugunta da guduma. Ɗaurin da ya wuce kima yana murɗe kolet. Kuma ba a ɗaure noti a kan kolet da babu bit a ciki.

Kuɗin duk wannan bai wuce na sifirit da baniya ba, idan ba ka da ita. Haɗari babu. Iyakarsa ɗaya: ba ya tayar da kolet ɗin da ya riga ya mutu.

Zaɓi na biyu: sabon kolet da noti ga rautar da kake da ita

Kolet kayan ƙarewa ne, kamar burushin kabon na rauta. Masu ƙera kayan sassaƙar katako sukan ba masana'antu shawarar sauya shi bayan awa 400 zuwa 600 na aiki. Mai aikin sha'awa zai daɗe bai kai nan ba, sai dai akwai gajeriyar hanya: bit ya karye a cikinsa, ko ya yi juyi a ciki sau ɗaya da zafi, ko a cusa masa ƙotar da ta fi shi. Alamun mutuwarsa a bayyane suke. Cikinsa ya yi ƙyalli ko ya yi zane-zane a kewaye. Bakinsa ya buɗe fiye da gindinsa. Ƙotar bit tana fitowa da tabo ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi daidai inda aka kama ta, shaidar cewa tana ta motsi a ciki. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, goge-goge ba zai cece shi ba.

A nan hanya ta rabu uku. Akwai na kamfanin rautar, akwai na kwaikwayo masu arha da ake sayarwa jere, akwai kuma na musamman da wasu ƙananan kamfanoni ke yi don masu CNC, irin su Elaire da PreciseBits a Amurka. Na musamman ɗin sukan kama daga wajen dala 20 zuwa sama kowane ɗaya. Abin da kake saya a wurinsu abu biyu ne: daidaiton tsakiya, wato bit ya yi juyi ba tare da rawar baki ba, da kuma girman da kamfanin rautar ba ya bayarwa, musamman 3.175 da 4.

Rawar baki tana da alaƙa da zamewa kai tsaye. Bit mai haƙori biyu da ke rawa, haƙori ɗaya ne ke ɗaukar yawancin aikin, sai kowane juyi ya zama duka, dukan nan kuma shi ke sassauta riƙo a hankali.

Ra'ayina a kan na kwaikwayo: caca ce. Wani yakan fito daidai, wani kuma gangaren jikinsa bai dace da ramin rautarka ba, ya zauna a baki kawai. Idan rautar taka ma kwaikwayon Makita ce, cacar ta zama biyu, kuma ko kolet mai tsada ba zai gyara ramin da aka fafe a karkace ba. Gwajin mai sauƙi ne: shafa maka a bayan kolet, sa shi da bit, ɗaure kaɗan, ka kwance ka duba. Inda tawada ta goge shi ne inda yake taɓawa. Ana son ta goge a kewaye duka, ba gefe ɗaya ba.

Sauya noti tare da kolet idan tiredinsa ya fara cinyewa. Minti biyar ne aikin, haɗari kaɗan ne. Raunin da ba ya gyaruwa shi ne kolet ɗin Makita gajere ne, ɗan abin da yake kamawa na ƙota ba shi da yawa, don haka ko sabo ne yana da iyakar jan da zai iya jurewa.

Zaɓi na uku: rage abin da ke jan bit ɗin

Maimakon ƙara riƙo, ana iya rage ja. Mafi muni shi ne yanka rami mai faɗin bit cif, mai zurfi, da bit mai jan gari sama, a katako mai tauri ko alminiyam. Rage zurfin kowane zagaye zuwa rabin kaurin bit, wato milimita 3 ga bit mai 6, sau da yawa ya wadatar. Sa manhajar ta riƙa shiga katako a gangare maimakon nutso kai tsaye.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rage gudun tafiya. Lissafin abin da kowane haƙori ke ɗiba shi ne gudun tafiya a raba da juyi sau yawan haƙora. Bit mai haƙori 2 a juyi 18,000 da tafiyar milimita 1,800 a minti yana ɗibar 0.05. Ka rage tafiyar zuwa 400 ka bar juyin yadda yake, bit ya daina yanka ya koma guga, ya yi zafi, ya dakushe, dakusasshe kuma ya fi jan kansa. Zurfi ake ragewa, ba tafiya ba. Kunne ma ma'auni ne: idan ƙarar ta koma kururuwa mai karkarwa, jijjiga ce, kuma jijjiga tana kwance abin da aka ɗaure. Gajarta abin da ya fito na bit yana rage ta sosai.

Ana kuma iya sauya irin bit. Mai miƙaƙƙen kaifi ba ya ja sama ba ya ja ƙasa. Mai danna gari ƙasa yana ba da baki mai tsabta a filawud, amma yana cusa gari a rami mai zurfi, abin da ke kawo zafi, har da wuta idan aka yi sakaci. Ga akirilik da alminiyam kuwa dole garin ya fita, don haka mai ja sama ba shi da madadi, sai dai a zaɓi mai haƙori ɗaya a kuma rage zurfi. Farashin wannan zaɓin lokaci ne: aikin awa ɗaya yana iya komawa biyu.

Zaɓi na huɗu: rauta mai kolet ER11

Tsarin ER kamfanin Rego-Fix na Suwizalan ne ya fito da shi a farkon shekarun 1970, daga baya ya zama ƙa'idar DIN 6499 da kowa ke ƙerawa a kai. Tsagoginsa daga sama da ƙasa suke, a jere ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa yake rufewa daidai a tsawonsa duka. ER11 tsawonsa milimita 18 ne, yana ɗaukar ƙota har 7, kuma kowane kolet yana iya tsukewa da rabin milimita.

Akwai rautoci masu kaurin jiki milimita 65, daidai da Makita, da aka yi da wannan bakin, misali wadda Carbide 3D ke sayarwa. Cire tsohuwa, zura sabuwa a maɗauri ɗaya, an gama. Kuɗinta bai yi nisa da na rautar kirki ba. Sai dai har yanzu rauta ce: ƙara, burushin kabon da ke cinyewa, boris da ba a yi shi don aikin yini guda ba. Kuma a duba wutar da take sha kafin a biya. Kayan kasuwar Amurka galibi na bolt 120 ne, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 240 ce, sai an haɗa da taransifoma mai ƙarfin da ya isa.

Zaɓi na biyar: sifindil da VFD

Wannan shi ne wanda ido ya fi so. VFD shi ne akwatin lantarki da ke ba sifindil wuta yana sarrafa juyinsa. Waɗanda aka fi samu su ne mai wat 800 da ER11, mai kilowat 1.5 da ER11 ko ER16, da mai kilowat 2.2 da ER20, dukansu suna kai juyi 24,000 a minti. ER16 yana ɗaukar ƙota har milimita 10, ER20 har 13, wato rabin inci ya shiga. Tsawon kolet ER20 ya haura milimita 31, riƙonsa ba a haɗa shi da na ƙaramar rauta. Kolet ɗin kansu arha ne, 'yan daloli kowane ɗaya, kuma akwai kowane girma. Babu burushi, ƙara ta ragu ƙwarai musamman a mai sanyaya da ruwa, ga shi kwamfuta ce ke kunna shi ta saita juyinsa.

Amma a faɗi gaskiya, bit yana zamewa a sifindil ma, kuma dalilan su ne dai na zaɓin farko, da ƙarin guda. Notin ER yana da wani zobe a ciki wanda aka karkatar da gangan. Kolet ake fara cusawa a noti a karkace har ya yi ƙas, fuskarsa ta yi daidai da fuskar notin, sannan a ɗaura su tare a sifindil, sannan bit. Wanda ya saba da rauta yakan jefa kolet a rami ya bi shi da noti. Haka zai ɗauru a karkace, ya ƙi riƙo, ya lalata kolet da notin. Ɗaurinsa kuma ya fi yadda mutane ke zato: jadawalin Rego-Fix ya ba ER11 wajen Nm 24 (Nm ma'aunin ƙarfin murɗa noti ne), ER20 kuwa har 80 ga ƙota mai kauri, ƙasa da haka sosai ga sirara. Ƙananan sifanun gwangwani da ke zuwa a kwali ba sa kai wa nan. Tsukewar milimita ɗaya da ER16 da ER20 ke yi ma kada ta ruɗe ka. Kolet mai 7 zai kama 6.35, amma wanda aka rubuta wa kwatar inci ya fi shi riƙo.

Sai abin da ke biyo bayan saye. Sifindil da VFD da famfo da wayoyi sukan tashi daga dala 200 zuwa 400 ko fiye. Makita ba ta kai kilo 2 ba, mai kilowat 2.2 kuwa yana kai kilo 5, kaurinsa milimita 80, sai sabon maɗauri. Ka ɗora wannan a kan injin da Z ɗinsa bel ke ja, sai tsallaken takun da muka ambata ya zo, zurfi ya ci gaba da canzawa, wannan karon ba daga kolet ba. VFD sai an saita shi a kan hertz 400 kafin kunnawar farko, idan aka bar shi a kan 50 yana iya ƙona sifindil nan take. Yana watsa hayaniyar lantarki da ke katse USB a tsakiyar aiki idan babu waya mai sulke da haɗin ƙasa na gaske. Yana riƙe wuta a cikinsa bayan an kashe, ba a sa hannu nan da nan. Wutar da ke hawa da sauka, ko ƙaramin janareta da ke nishi, tana sa shi ya yanke. Mai ruwa kuma sai an sa ido kan famfo, don a zafin Afrilu bokitin ruwan kansa yakan ɗumama.

Abin da ba zaɓi ba ne

Bushin da ake zurawa a kolet na kwatar inci don ya kama ƙaramin bit ya ƙara wuri na biyu da za a zame, ya kuma ƙara rawar baki. A aikin zane marar zurfi yakan wuce, a yanka ba na yarda da shi. Marikin ER11 mai wutsiya da ake ɗaurawa a tsohon kolet ya fi shi muni, domin tsohon kolet ɗin ne dai ke riƙe da komai, ga ƙarin tsawo. Naɗa takarda, salatif ko guntun gwangwani a ƙota, ɗiga gam, ko kankare ƙota da sanfefa, duk hanyoyi ne na jefa bit a fuskar mutum.

| Zaɓi | Kuɗi | Riƙo | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Awo, tsabta, ɗauri | Kusan kyauta | Yana dawo da na asali | Sai an maimaita kullum | Yau-yau | Babu |
| Sabon kolet da noti | Kaɗan | Mai kyau, da iyaka | Ɗaruruwan awoyi | Minti biyar | Samun na bogi |
| Rage ja, sauya bit | Kuɗin bit da lokaci | Bai ƙaru ba, ja ne ya ragu | Muddin ana bin lissafi | Sai an koyi lissafi | Zafi a rami mai zurfi |
| Rauta mai ER11 | Matsakaici | Ya fi na rauta | Irin na rauta | Cire ka sa | Bambancin bolt |
| Sifindil da VFD | Mai yawa | Mafi ƙarfi | Shekaru | Sai mai sanin wuta | Wuta, nauyi, saiti |

Wa ya dace da wanne

Wanda injinsa sabo ne kuma tun ranar farko bit ke zamewa, kusan tabbas awo ne ko man da ba a goge ba. Baniya da sifirit, kada ya sayi komai tukuna. Wanda ya yi watanni lafiya lau sannan abin ya fara, musamman bayan karyewar bit, sabon kolet da noti ne maganinsa, kuma ya sayi biyu ya ajiye ɗaya. Wanda bit ke zame masa a aiki ɗaya kawai, a ce yanka filawud mai kauri ko alminiyam, alhali sauran ayyuka lafiya, lissafin yankansa zai duba.

Mai zanen allunan suna da ƙananan kayan ado, wanda yawancin bit ɗinsa 3.175 ne kuma da bushin yake fama, ya nemi kolet na ainihin wannan girman. Idan akwatinsa ya cika da 3 da 3.175 da 4 da 6 da 6.35 a cakuɗe, kuɗin kolet na musamman guda biyar ya kusa na rauta mai ER11, gara ya tafi can, ko sifindil mai wat 800 wanda zai shiga maɗaurinsa na 65 ba tare da ya danne Z ba.

Sifindil mai ER20 na wanda sha'awa ta fara zama sana'a ne: ƙofofi, allunan gado, aikin awa shida a jere, bit mai ƙotar 12 ko rabin inci, inji mai ƙarfen jiki da sandar tiredi a Z, da wutar da za a iya dogara da ita. Shi ma ya sa kuɗin sifanu biyu na kirki da kolet na kowane girman da yake amfani da shi a cikin lissafin tun farko, don ba kasafai suke zuwa a kwalin ba.